Baƙar Tukunyar Zulma

A garin Nieuwpoort, duk wanda ya haura sittin ya san Firmin Legein. Shekara talatin da huɗu ya yi yana buɗe wa jiragen ruwa ƙofofin da ke tsakanin kogi da teku, yana rufewa. Aiki ne na jira. Ruwa ya hau ka jira, ya sauka ka jira. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, maganarsa kaɗan, kuma shuɗiyar hularsa ba ta sauka daga kansa sai a coci. Iyakar tafiyarsa Brussels, sau biyu, kuma duka biyun da ciwon kai ya dawo.

Matarsa Zulma ita ce bakin gidan. Tun tana 'yar shekara goma sha shida take aiki a gidan abincin wani mutum mai suna Odilon, can bakin tashar jiragen kamun kifi. Ba ta kai wa baƙi abinci ba, ba ta riƙe kuɗi ba. Aikinta mosel, ɗan naman tekun nan da ke zaune tsakanin baƙaƙen ɓawo biyu masu buɗewa da rufewa kamar baki. Tsakiyar watan Yuli, in manyan motoci suka sauko daga Zeeland da buhunan farko na shekara, Zulma kan tsaya gaban babban bahon dutse a bayan kicin, hannu cikin ruwan sanyi, tun safe har rana ta karya. Ta kankare ɓawo da 'yar wuƙa, ta fizge gemun da ke jiki. Wanda ta samu bakinsa a buɗe, sai ta ƙwanƙwasa shi a gefen bahon. In ya ja ya rufe, yana da rai, ya shiga tukunya. In ya tsaya a buɗe, matacce ne, ya tafi bokiti. Bayan an dafa kuwa abin juyewa yake yi: mai rai zafi ke buɗe shi, wanda ya fito a rufe shi ne ba a ci.

Akwai kuma mai laka. Shi a rufe yake gam, kamar lafiyayye, amma babu komai cikinsa sai baƙin taɓo mai wari. Guda ɗaya ya shiga tukunya, ya buɗe a kan wuta, an gama da tukunyar. Zulma a tafin hannu take gane shi, da nauyi. Odilon kan ce shekara arba'in ba a taɓa dawo masa da tukunya ba, kuma ya san wa zai gode wa.

Girkin gidan ɗaya ne tal. Man shanu, albasa, ganyen seleri, baƙin barkono da yawa. Ba a zuba ruwa, mosel ke ba da nasa. Wuta mai ƙarfi, a rufe, a ɗaga tukunyar a girgiza sau uku, a sauke. A kai ta tebur a baƙar tukunyar da aka dafa, da soyayyen dankali a gefe, a kife murfin ya zama wurin zuba ɓawo.

Ranar farko ta kowace kaka, in taron rana ya watse, Zulma kan fito da tukunya ɗaya ta ajiye a ƙaramin teburin da ke kusa da ƙofar kicin. Firmin yana zaune, hularsa a kai. Ita ke cin na farko. Sai ta miƙa masa ɓawon da ta cinye, ya riƙa tsinko nasa da shi kamar hantsaki.

"Ungo, mai ƙofa," takan ce. "Ka ci a hankali, ba jirgin da ke jiranka."

"Na ji, yarinya."

Yarinya yake kiranta har kanta ya yi fari fat. Su biyu ne a gidan, haka suka fara, haka suka ci gaba. Akwai ɗaki ɗaya a sama da suka yi wa fenti a shekarar farko ta aurensu. Daga baya aka riƙa ajiye keken ɗinki a ciki.

Da Odilon ya rasu aka sayar da wurin. Yanzu askirim da tabarau ake sayarwa a ciki. Ranar rufewa aka ce ma'aikata kowa ya ɗauki abin da yake so, Zulma ta ɗauki tukunya ɗaya mai 'yar lanƙwasa a mariƙinta na hagu. Ta ci gaba da girki a gida, wa su biyu, kuma ba ta taɓa barin Firmin ya sa hannu ba. Takan ce hannun da ya saba da ƙarfe ba ya jin nauyin laka.

Mantuwa ta zo mata a hankali. Mukulli cikin firij, sunan maƙwabciya, hanyar kasuwa. Wata rana da safe aka same ta a ƙofar shagon askirim ɗin nan da rigar aikinta, tana faɗa wai an makara ba a buɗe mata ba, buhuna za su lalace. Bayan wannan ne aka kai ta gidan kula da tsofaffi da ke hanyar Veurne. Shekara biyu ke nan. Kullum ƙarfe biyu na rana Firmin yana can da kekensa. Da farko tana kiransa mai ƙofa. Daga baya ta koma ce masa malam, cikin ladabi, irin wanda ake yi wa mai karanta mitar ruwa.

Ranar wata Alhamis, cikin Yulin bana, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da ita ta tare shi tun a baranda. Griet sunanta, mace mai jiki, mai saurin dariya. Ran nan ba ta yi ba.

"Baba Firmin, zo mu zauna tukuna."

"A tsaye ma ina ji."

"Kwana tara ke nan ba ta ci abin kirki ba. Cokali biyu na kunu, ta kau da kai. Jiya ko shi ba ta karɓa ba. Likita ya ce in har Litinin haka ne, sai a kai ta asibiti a sa mata robar abinci ta hanci. Akwai takarda, kai za ka sa hannu."

Firmin ya dubi takalmansa. Uwar Zulma da wannan robar ta ƙare, wata bakwai, hannuwanta ɗaure da gado don kada ta fizge. Ranar da suka dawo daga binne ta, a kan gada, Zulma ta riƙe masa hannun riga ta sa ya rantse cewa ita ba za a yi mata haka ba. Lokacin suna da ƙarfinsu, rantsuwar ba ta yi masa nauyi ba.

"In ban sa ba fa?"

 Griet ta gyara zaman agogon da ke ƙirjinta.

"In ta ci kafin Litinin fa?" ya sake tambaya.

"In ta ci, sai mu yi rawa ni da kai a nan barandar."

"Mosel sun shigo jiya," ya ce.

"Haba Baba. Ba a kawo irin wannan nan gidan, ka sani."

"Na sani."

Ta dube shi. Sannan ta ce ranar Lahadi ita ce a bakin aiki, kuma ƙofar baya ta wajen lambu makullinta ya daɗe da lalacewa, ta rasa wanda zai gyara.

Ranar Juma'a ya sayo kilo biyu a kasuwar kifi ya gwada da kansa. Ya kankare, ya ƙwanƙwasa, ya zubar da shida. Ya yanka albasa har idonsa ya yi ja. Ya girgiza sau uku kamar yadda ya gani shekara da shekaru. Da ya ɗaga murfin sai wari ya buge shi, romon ya koma baƙi kamar ruwan kwata. Ya tsaya riƙe da murfin. Can ya buɗe taga, ya wanke tukunyar sau biyu.

Ranar Asabar ya sa tukunyar a jaka ya shiga gari. Gidajen abinci sun jeru a bakin tashar, kowanne da allonsa a waje, an rubuta cewa na bana sun iso. Ya shiga na farko, mai manyan gilasai. Wani mutum ɗaure da laktaye ya tarye shi da takardar abinci.

"Mutum ɗaya, ranka ya daɗe? Muna da iri goma sha huɗu. Akwai na kirim, na tafarnuwa, na yajin kori, na farar giya..."

"Albasa da seleri."

"Akwai, na gargajiya. Muna ɗan sa kirim kaɗan, baƙi sun fi so."

"Ba kirim. Kuma a wannan za a dafa, in tafi da shi gobe." Ya buɗe bakin jakar.

Mutumin ya leƙa, ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi. Ya ce mosel ba ya fita daga gidan nan, in wani abu ya samu wani a hanya sunan gidan za a kira. Ya ce amma akwai tebur mai kyau kusa da taga.

A na biyu mai girkin da kansa ya fito, yana goge hannu. Ya saurara har ƙarshe, ya ce zai iya. Firmin ya tambaye shi wa ke tantance masa.

"Tantancewa? Baba, a leda suke zuwa, a wanke, a kankare. Inji ke yi tun can Zeeland. Mu dai mu farke mu juye."

"Inji na jin mai laka?"

"Yawanci."

Firmin ya yi godiya ya fita. Na uku sun ce ranar Lahadi ba su da hannun da za su yi wa mutum ɗaya girki na daban. Na huɗu matar da ke ciki ba ta gane abin da yake nufi ba, ta kawo masa kofi. Ya sha, don kada ta ji kunya.

Da ƙafafunsa suka gaji ya zauna a bencin da ke fuskantar jiragen. Cyriel na can, tsohon masunci, abokinsa tun makarantar firamare, yana jefa wa tsuntsayen teku gutsuren burodi duk da allon da ya hana.

"Kai, mai ƙofa! Talla ka fara da tukunya? Tun ɗazu nake ganinka kana shiga kana fita kamar mai neman aure."

"Bar ni, Cyriel."

"In auren ne ka cire hular nan, ita ke kore su. Tun zamanin tsohon sarki take kanka."

Firmin ya gaya masa, a taƙaice. Cyriel ya daina jefa burodin. Ya karkaɗe hannunsa a wando.

"Kai ma dai da wauta. Ka tsaya bin masu gilasai. Ka manta da Palmyre?"

"'Yar Odilon? Ai ta tafi Gent."

"Ta dawo tun bara, mijin ya gudu da mai gyaran haƙora. Tana bayan kasuwar kifi, tebur biyar. Buhu take saye, ba leda ba. Tashi ka je, kafin ka mutu a nan a ce ni na kashe ka."

Wurin ƙarami ne, ƙofarsa koriya. Palmyre na tsaye gaban baho, hannu cikin ruwa. Ta kusa sittin yanzu, amma Firmin ya gane tsayuwar, kafaɗa ɗaya sama da ɗaya. A gefen Zulma ta koya. Ta ga tukunyar kafin ta gan shi.

"Wannan ai tamu ce. Ni na yar da ita ta yi lanƙwasar nan, Inna Zulma ta ce ita ce, don kada babana ya dake ni." Ta ɗago. "Kawu Firmin. Yaya take?"

"Tana nan."

Ta fahimta. Ya gaya mata sauran, tana ji tana aiki, wuƙar na tafiya. Ta ɗauki wani, ta auna shi a tafin hannu, ta murza ɓawon da babban yatsa ya zame, baƙin taɓo ya fito. Ta jefa bokiti ba ta ko duba ba.

"Minti nawa ne daga nan zuwa can?"

"Bakwai a keke. Tara in iska na gaba."

"To ka zo sha biyu saura kwata, da bargo. Zan sauke shi kafin ya gama, ya ƙarasa a hanya. Kuma kada ka sa hannu a aljihu, in ka sa zan fasa."

Ranar Lahadi ya je addu'ar farko a coci, ya dawo ya yi aski, ya sa farar riga. Palmyre ta zaɓa ɗaya ɗaya a gabansa. Ta girgiza sau uku. Suka naɗe tukunyar a bargon da yake rufe ƙafa da shi, suka ɗaure a kwandon keke, ta cusa ƙunshin dankali a gefe. Iska na gaba. Ya yi shi a minti takwas, ya sauka ƙirjinsa na kaɗawa.

Griet na tsaye a ƙofar lambu tana kallon furanni kamar ba ta gan shi ba.

Zulma na zaune a kujerarta kusa da taga. Ta ragu sosai, zoben aurenta an naɗa masa zare don kada ya faɗi. Ta dube shi.

"Sannu, malam."

"Sannu, yarinya."

Ya jawo ƙaramin tebur gabanta, ya kwance bargon, ya ɗaga murfin ya kife a gefe. Tururi ya tashi. Ƙamshin seleri da barkono da teku ya cika ɗakin, har Griet da ke bakin ƙofa ta haɗiyi yawu. Na sama duk sun buɗe, tsokar ta yi ɓul-ɓul, romon fari tas.

Hancin Zulma ya motsa. Ta gyara zama. Ta dubi tukunyar, ta kai hannu ta shafa lanƙwasar da ke mariƙinta na hagu. Sai ta fara naɗe hannun rigarta, na dama, sannan na hagu, har gwiwar hannu. Wata biyar Firmin bai ga ta yi wani abu da niyya irin haka ba. Ya ji Griet ta ja numfashi a bayansa.

"Sun iso ke nan," in ji Zulma.

"Sun iso. Na farko ne."

"An makara bana."

Ta ɗauki ɗaya. Firmin ya buɗe tafin hannunsa a kan teburin, inda ɓawon farko ke sauka. Ta juya mosel ɗin, ta duba bakin. Ta ƙwanƙwasa shi a gefen tukunyar, sau biyu, ta jira. Bai rufe ba. Ta jefa shi cikin murfin.

Ta ɗauki na biyu. Ta ƙwanƙwasa. Ta jira. Murfi.

"Zulma, dafaffe ne. An dafa. Ci za ki yi."

Ba ta ji shi ba. Hannuwan sun tuna aikinsu, suna sauri, zafin ma bai dame su ba. Ƙwas, ƙwas, jira, murfi. Fuskarta ta fara ɗaurewa.

"Wa ya sayar maka da waɗannan?"

"Palmyre ce ta zaɓa. Palmyre, 'yar Odilon."

"Palmyre yarinya ce, me ta sani? An cuce ka, malam. Duba. Duba wannan. Ko ɗaya ba mai rai. Kwana nawa suka yi a rana?"

Griet ta matso, ta tsinko tsoka ɗaya ta ci da kanta. "Inna, kin gani? Daɗi. Ɗanɗana ɗaya kawai, don ni."

"Tofar! Tofar, 'yar nan, so kike ki kwana a asibiti?"

Murfin ya cika ya tsiyaya kan tebur. Dankalin ya huce a takardarsa. Firmin ya ɗebo romo a cokali ya kai kusa da bakinta, ta ture da bayan hannu ba tare da ta dube shi ba, kamar yadda takan ture kyanwar kicin. A can ƙasan tukunyar ta samu guda biyu da ba su buɗe ba. Ta auna su a tafin hannu, fuskarta ta ɗan saki.

"To. Biyu dai. Biyu cikin buhu guda." Ta rufe hannunta a kansu. "Waɗannan na ajiye wa maigidana. Yanzu zai taso daga ƙofa, yau ranar farko ce. Ba ya magana, amma yana so."

Firmin ya janye tafin hannunsa daga kan teburin. Ya ɗauki ɗaya daga cikin murfin, ya rasa abin da zai yi da shi, ya kai baki. Ta buge masa hannu, da ƙarfin da bai zaci ya rage mata ba.

"Kai ma kada ka ci, malam. Kana da iyali, ko?"

"Ina da."

"To ka tausaya musu."

Aikin ya gajiyar da ita. Ta jingina, idonta ya lumshe, hannunta a dunƙule kan cinya. Griet ta ce a hankali, biyun nan ba za a bar mata su ba, kada ta farka ta fasa. Firmin ya ce ya sani. Ya durƙusa gaban kujerar, gwiwoyinsa na ƙara, ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Suna da sanyi, suna ƙamshin seleri. Ya zare biyun ya sa a aljihun farar rigarsa.

Griet ta tattara teburin. Ta ce likita ƙarfe goma yake zuwa gobe. Ta ce takardar na ofis, ba sai yau ba.

Ya mai da komai cikin tukunyar, ya rufe, ya naɗe da bargon kamar yadda ya kawo. A waje iska ta juya, da ya hau keken da ta tura shi har gida. Bai hau ba. Ya riƙa tura shi a ƙasa, ta kan gadar nan, a hankali. Ruwan teku na ja da baya a lokacin, ƙofofin a rufe, wani jirgin yashi na tsaye yana jira. Firmin ya tsaya ya jingina keken da ƙarfen gadar, shi ma ya jira.